Yadda ake tsara sitika da buga ta, daga awon roba har zuwa liƙawa

Tun ranar da na nuna sitikar da na yi wa wata 'yar'uwa mai sayar da kunun aya, tambayoyi ba su yanke ba: da wace manhaja ake yi, ina ake kaiwa a buga, nawa ake kashewa, me ya sa tawa take saɓulewa da zarar robar ta shiga kular ƙanƙara. Maimakon in yi ta amsa wa mutum ɗai-ɗai, ga aikin nan a jere yadda nake bin sa. Zan riƙa cewa "ka", amma na san mata ne suka fi yawa cikin masu tambayar, musamman masu zoɓo, turaren wuta, humra, yaji da kayan rabon biki, don haka 'yan'uwa a yi mini afuwa.

Jerin matakan nan ba ado ba ne. Yawancin asarar da na gani a harkar sitika daga mutumin da ya fara da buɗe manhaja take fitowa, alhali zane shi ne mataki na biyar.

1. Fara sanin inda za a liƙa ta

Ɗauko ainihin abin da za ka liƙa wa sitikar ka ajiye a gabanka, ba hotonsa ba. Sannan ka amsa wa kanka tambaya uku. Ruwa zai taɓa shi? Mai ko turare zai zubo masa? Rana za ta riƙa dukansa?

Robar zoɓo da fura da yogot cikin firiza da ruwan ƙanƙara suke kwana. Kwalbar humra da man gashi kullum sai ɗigo ya gangaro ta jikinta. Sitikar bayan adaidaita sahu ko gilashin shago kuwa ranar Afrilu da ƙurar hunturu ne abokan zamanta. Ledar cincin, kwalin takalmi da bokitin rabon biki su ne masu sauƙin hali, ba ruwansu da wannan duka.

Ka kuma shafa jikin abin. Gilashi da roba mai sheƙi irin ta ruwan gora suna riƙe gam sosai. Farar jarka da wasu robobin man shafawa masu santsi kamar an goga musu kakin zuma ba sa son gam, sai mai ƙarfi. Idan irin wannan ne mazubinka, ka faɗa wa mai bugu tun farko.

2. Zaɓi takardar da ta dace

A shagunan bugu za ka fi jin sunaye uku.

Na farko sitikar takarda, wadda ake bugawa a injin da suke kira DI, yawanci a kan takarda mai girman A3. Ita ce mafi arha, rubutu ƙanana suna fita tas a kanta, kuma ana iya yi maka ko da takarda biyu ce. Amma takarda ce: ruwa ya taɓa ta, ta jiƙe ta yage. Ta dace da kwali, leda, ambulan da kayan rabo.

Na biyu SAV, wato ledar roba mai gam a bayanta, wadda ake bugawa a babban injin nan da ke buga bana. A naɗe take zuwa, kuma da ƙafa ake auna kuɗinta. Ba ta jin ruwa, tana jure rana. Ita ce ta abin sha, mota, gilashi da duk abin da zai zauna a waje. Aibinta ɗaya: idan injin ya tsufa ko mai shi ya yi gaggawa, ƙananan rubutu kan fito da ɗan dishi-dishi.

Na uku mai garai-garai, wadda ake ganin abin da ke bayanta. Tana da kyau a kan kwalbar turare, amma ga tarkon da ke cikinta: yawancin injina ba su da farar tawada. Duk inda ka sa fari a zanenka, fanko zai fito. Wata ta taɓa kawo mini zanen farin rubutu tana so a buga a kan mai garai-garai, da an buga da ba abin da za ta gani sai leda. Haka kuma jan rubutu a kan robar zoɓo ɓacewa yake yi. Idan dole sai da fari, nemi shagon da ke da injin UV mai farar tawada, kuma ka shirya biyan ƙari.

Gargaɗi ga masu son ruwan gwal: injin bugu na yau da kullum ba ya fitar da ƙyalli. Gwal ɗin da ke walƙiya a fuskar wayarka zai fito kamar ruwan kunun tsamiya da ya sha kurkum. Mai son ƙyalli na gaske sai ya sa a buga a kan takardar da ita kanta mai ruwan gwal ce, ko a ɗora masa foyil, wato siririn falle mai ƙyalli, kuma wannan aiki ne daban da kuɗinsa daban.

3. Awo

Nan ne mutane ke raina aiki. Kada ka ce wa mai zane "matsakaiciya". Samo rula da tef ɗin tela.

Idan sitikar za ta zagaye roba, zagaya tef a daidai inda za ta zauna, ka ƙara santimita 1 domin bakin ya hau kan ɗan'uwansa. Tsayinta kuma ya tsaya a miƙaƙƙen wuri kawai, kada ya kai kafaɗar robar ko inda take da gurbi-gurbi, don nan ne take tattarewa.

Sai ka yanki farar takarda daidai wannan awon, ka manna da salatif, ka ja baya ka duba. Minti biyar zai ci maka, amma shi zai nuna maka ko ta yi girma, ko murfi zai danne ta. Kofin yogot da duk mazubin da samansa ya fi gindinsa faɗi, miƙaƙƙiyar sitika ba ta zagaye shi daidai, karkacewa take yi. Ko dai ka yi ƙarama a gaba kawai, ko zagayayya a kan murfi, ko ka sa ƙwararre ya lanƙwasa zanen.

4. Rubuta abin da za ta ɗauka, a takarda tukuna

Sunan kaya, lambar waya, sai abu ɗaya ko biyu da mai saye ke bukata. Sitika mai faɗin santimita 5 ba allon talla ba ce. Na sha ganin an cusa lambar waya uku, adireshin gida har da kwatancen masallacin unguwa, da kirari layi biyu, a ƙarshe ba wanda ake iya karantawa.

Kayan ci, na sha da na shafawa da za su shiga kantuna suna bukatar ƙari: abubuwan da aka haɗa, nauyi ko yawan abin da ke ciki, sunan mai yi da adireshinsa, lambar rukunin da aka yi, ranar yi da ranar lalacewa. Kada ka buga kwanan wata a cikin zanen, in ba haka ba sitika 500 za su tsufa a hannunka cikin mako guda. Bar farin gurbi a rubuta da hannu ko a buga hatimi.

Gargaɗi: kada ka sa lambar NAFDAC idan ba hukumar ce ta ba ka ita a kan wannan kayan ba. Aron lambar wani ko ƙirƙiro ta laifi ne, kuma sitikar da kanta ita ce shaidar da za a kama ka da ita. Haka tambarin wani kamfani ko hoton wani sananne ba da izininsa ba.

Wani abu da nake roƙon mutane a kai: roba da leda bola suke ƙarewa, wani lokaci kwata. Aya ko sunan Allah ba wurinsu ba ne nan. Ko a sitikar walimar sauka, a rubuta sunan mai sauka da "muna godiya" ya wadatar.

5. Tsara zanen

A waya, Canva ko PixelLab sun isa. A kwamfuta, CorelDRAW ce kusan kowane shagon bugu a Najeriya ke aiki da ita, don haka wanda ya iya ta ya huta da yawan gardama da mai inji.

Ka buɗe shafi da ainihin awon da ka yi, a santimita ko milimita. Idan manhajar fiksel kawai ta sani, wato ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, ga lissafin: bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, inci ɗaya kuma santimita 2.54 ne. Ke nan sitika mai santimita 5 tana bukatar fiksel kusan 591 a kowane gefe. Ka ninka hakan ma ba laifi, rage girma ba ya ɓata hoto, ƙarawa ce ke farfasa shi.

Sai iyakoki guda biyu da ba a wasa da su. Launin bango ya zarce layin yanka da milimita 3 ta kowane gefe, domin wuƙar inji ba ta sauka daidai ɗari bisa ɗari, kuma idan babu wannan rarar sai ka ga farin zare a bakin sitikar. Rubutu da tambari kuma su ja baya daga layin yanka da milimita 3 zuwa ciki, kada a fille wa lambar wayarka kai. Saboda wannan dalilin ne ba na son siririn layi da ke zagaye bakin sitika. Yanka ya goce da rabin milimita, kowa zai gani.

Launi: fuskar waya da haske take haɗa launi, tsarin da ake kira RGB. Inji kuwa da tawada huɗu yake haɗawa, CMYK. Shi ya sa kore shar da ruwan hoda mai haske suke dusashewa a takarda, shuɗi kuma yakan karkata zuwa ruwan makuba idan jan da ke cikinsa ya yi yawa. A CorelDRAW ka fara aikin a CMYK tun daga buɗe shafi. Ƙananan baƙaƙen rubutu ka ba su baƙar tawada zalla, K 100, kada su zama haɗin launi huɗu, don sukan fito da inuwa.

Salon haruffa biyu sun isa. Kada girman rubutu ya gaza maki 7 a ma'aunin manhajar, kuma farin rubutu a kan bango mai duhu ya fi haka girma da kauri. Idan za ka sa lambar QR, kada ta gaza santimita 2 a kowane gefe, baƙa a kan fari, da ɗan fili kewaye da ita.

6. Haruffa masu ƙugiya

Na ware wa wannan mataki nasa domin ciwon namu ne mu kaɗai, kuma mai injin da ba Bahaushe ba ba zai lura ba. Yawancin salon haruffa masu ado ba su da ɓ, ɗ, ƙ, balle ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Abin da ke faruwa iri biyu ne: ko harafin ya zama ɗan akwati, "zoɓo" ya koma "zo" da akwati da "o", ko manhajar ta aro shi daga wani salon ya fito bare a tsakiyar kalma. Wasu sai su gudu su cire ƙugiyar, "baƙin shayi" ya koma "bakin shayi".

Kafin ka ƙaunaci wani salo, rubuta "ɓ ɗ ƙ Ɓ Ɗ Ƙ" da shi ka gani. Noto Sans, Andika da Charis SIL duk suna da su, kuma kyauta ne. A waya, saka Hausa a allon rubutu na Gboard.

Ko salon ya nuna daidai a wurinka, kwamfutar shago mai yiwuwa ba ta da shi, sai ta musanya da wani ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Maganinsa a CorelDRAW: ajiye kwafi ɗaya da za ka iya gyarawa nan gaba, sannan a kwafi na biyu ka zaɓi komai da Ctrl+A, ka danna Ctrl+Q. Rubutun ya daskare ya zama zane ke nan, ba kwamfutar da za ta taɓa shi. Rubutun Larabci da ajami ma haka: wasu manhajoji kan rarraba haruffan ko su juya su daga hagu, don haka a ba wanda ya iya karatu ya duba kafin a daskarar.

7. Fitar da fayil da aikawa

PDF shi ne na farko. A Canva ka zaɓi PDF Print, ka kunna alamun yanka da rarar gefe. Idan PixelLab ce, fitar da PNG a mafi girman inganci.

Gargaɗi: kada ka tura ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi yake yi har ƙananan rubutu su farfashe. Tura a matsayin dokumen, ko ta imel, ko ka kai a filashi. Hoton allo kuwa, wato ka ɗauki hoton fuskar wayarka ka ce a buga, wannan ba fayil ba ne.

Kafin ka tura, karanta lambar wayar da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, ka ƙirga: 11 ce a Najeriya, 8 a Nijar. Sannan ka ba wani ya kira ta daga abin da ya gani a zanen. Ni da kaina na taɓa buga sitika 1,000 da lamba goma, na duba zanen ya fi sau biyar ban gani ba, domin ido abin da ya saba yake karantawa. Mai kayan ce ta kira ni bayan kwana biyu, cikin sanyin murya, wanda ya fi zagi ciwo.

8. A shagon bugu: lissafi da samfuri

Farashi yana motsi da dala, don haka ba zan ba ka lambar da za ta tsufa kafin ka isa shago ba. Hanyar lissafin ce ba ta canzawa.

Takardar A3 santimita 29.7 ce a 42, kuma inji ba ya bugawa har bakinta, yakan bar kusan rabin santimita ta kowane gefe. Zagayayyar sitika mai santimita 5, da rararta, tana cin 5.6. Ke nan biyar a faɗi, bakwai a tsayi, 35 a takarda. Mu ɗauka, don sauƙin lissafi kawai, an ce maka takarda ɗaya har da yanka naira 1,000. Sitika 500 za ta ci takarda 15, naira 15,000, kowace ɗaya ta tashi naira 30.

Yanzu ƙara mata santimita ɗaya tak, ta zama 6. Huɗu a faɗi, shida a tsayi, 24 a takarda. Sitika 500 ta koma takarda 21, naira 21,000. Santimita guda ta ci maka kashi 40 cikin ɗari. Shi ya sa kafin ka kafe a kan awo, ka tambayi mai inji, "Malam, nawa za ta shiga a takarda? In na rage milimita uku fa?" Sau da yawa ragin da ido ba zai gani ba yakan ƙara layi guda cur.

SAV ma haka, sai dai da murabba'in ƙafa ake yi, wato kusan santimita 30 da rabi a kowane gefe, wanda zai ɗauki 25 na mai santimita 5. Ka tambaya a fili ko kuɗin ya haɗa da yanka da lamineshon, wato rufe bugun da leda, don nan ne ake yawan samun saɓani bayan an gama.

Kada ka ba da umarnin buga duka sai an fitar maka da takarda ɗaya. Ka biya kuɗinta ko da mai shago ya ɓata rai. Fita da ita waje ka duba a hasken rana, ba a ƙarƙashin fitilar shago ba. Ka kai gida, ka liƙa a robar, ka jefa cikin bokitin ruwan ƙanƙara ta kwana. Mai turare ta ɗiga humra a kai ta murza da yatsa. Gani ya kori ji. Idan ta tsallake, sai ka ba da kafin alƙalami, ka riƙe samfurin a hannunka don gwadawa ranar karɓa. Ka ƙara kamar kashi 5 cikin ɗari a kan adadin da kake bukata, saboda waɗanda za su lalace wajen liƙawa.

Masu tambaya ko za a iya yi a gida: ana iyawa, da firinta mai tankin tawada irin Epson EcoTank da takardar sitika ta A4. Amma tawadar yawancinsu tana zuba in ta ji ruwa, tana koɗewa a rana, sai an rufe ta da leda. Kuma kada ka kuskura ka saka ledar sitikar da aka yi don firintar tawada a cikin firintar leza, zafinta zai narkar da ita a ciki. A ganina, wanda bai kai ga buga sitika kullum ba, kai wa shago ya fi masa arha.

9. Lamineshon da yanka

Lamineshon siririyar leda ce da ake shimfiɗawa a kan bugun. Mai sheƙi tana tayar da launi, marar sheƙi tana ba da kamala kuma ba ta nuna zanen yatsa. Duk abin da mai, turare ko gogayya za su taɓa, a yi masa. Idan SAV ce daga babban inji, a bar ta ta sha iska kamar awa 24 kafin a rufe, in ba haka ba tawadar da ba ta gama bushewa ba za ta tayar da ƙuraje a ƙarƙashin ledar. Wannan kaɗai ya isa ya hana ka kai aikin biki ana gobe ɗaurin aure.

Biro da tawadar hatimi ba sa kama leda mai sheƙi. Idan akwai gurbin kwanan wata, ka tanadi alƙalamin maka marar gogewa, ko ƙaramar farar sitikar takarda daban.

Yanka iri biyu ne. Akwai wanda wuƙa ke yanka sitikar kawai ta bar takardar baya, sai ka riƙa ɓarowa daga faranti guda, shi ya fi sauri ga mai liƙa ɗaruruwa. Akwai wanda ake yanke kowace da bayanta, don rabawa mutane. Mai kusurwa huɗu ana iya yanka ta da rula ta ƙarfe da reza. Zagayayya kuwa a bar wa inji, almakashi ba ya fitar da ita. Idan da hali a ɗan zagaye kusurwoyin, don daga tsinin kusurwa sitika ke fara ɗagowa.

10. Liƙawa

Goge wurin da sifirit a tsumma mai tsabta, ka bari ya bushe. Ƙura, maiƙo da danshi su ne ke kashe gam.

Masu abin sha, ga amsar tambayarku kan sitikar da ke saɓulewa a kular ƙanƙara: a liƙa sitika a busasshiyar roba tun kafin a zuba abin sha, kuma kafin ta shiga firij. Robar da ta yi sanyi gumi take yi, gam kuma ba ya kama gumi, ko SAV ce. Mafi kyau a liƙa yau a zuba gobe, domin gam yana ɗaukar kusan yini da kwana kafin ya gama kamawa.

Kwantar da robar a kan tawul don kada ta gangara. Ɗora tsakiyar sitikar tukuna, sannan ka shafa zuwa gefe da gefe da babban yatsa ko tsohon katin ATM. Idan iska ta maƙale, huda da tsinin allura ka danne. Don duk su zauna a tsayi ɗaya, sa alama a jikin kwali ka riƙa jingina kowace roba da shi.

Babbar SAV a gilashi ko jikin mota dabararta daban: fesa ruwa mai ɗigon sabulu kaɗan, ɗora ta, gyara mata zama, sannan ka matse ruwan daga tsakiya zuwa waje. A yi da safe ko a inuwa, ba a kan ƙarfen da rana ta gasa ba. Sitikar takarda ba a yi mata wannan.

Ragowar kuma a ajiye su a kwance cikin leda, a ɗaki mai sanyi, nesa da taga da but ɗin mota, domin zafi yana sa gam ya tsattsafo ta gefe su manne da juna. Fayil ɗin da ba a daskarar ba ka tura wa kanka ta imel, ka rubuta awon da sunan takardar a jikin sunansa, don ranar da za ka canza lambar waya ko ka koma a ƙara bugawa.